Gano Amosanin Gaɓɓai na Rumatoyid da Auna Tsananinsa a Ƙananan Asibitocin Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa

Tsakure

Takardar nan ta duba yadda ake gano amosanin gaɓɓai na rumatoyid, da yadda ake auna ƙarfinsa a jikin majinyaci, a yankin da ƙwararren likitan gaɓɓai yake nesa, kuma gwajin jini yake da tsada. Hujjarta ita ce, a ƙananan hukumomin Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa, tambaya da tafin hannun ma'aikacin lafiya sun fi gwajin jini na RF amfani wajen kama cutar da wuri, domin gwajin yana da rauni na musamman a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da ciwon hanta suka yi katutu. Ta kuma nuna inda ma'aunan da aka tsara a Turai da Amurka suke yi mana aiki, da inda suke barin mu a hanya.

Gabatarwa



Rumatoyid cuta ce da garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa tantanin da ya lulluɓe cikin gaɓa. Tantanin ya kumbura, ya yi kauri, ya tara ruwa, daga nan ya soma cin guringuntsi da gefen ƙashi. Likitan Faransa Landré-Beauvais ne ya fara bayaninta a 1800, Alfred Garrod na Ingila kuma ya raɗa mata suna a 1859. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 18 ne ke ɗauke da ita a 2019, kusan kashi 70 cikin ɗari mata. Abin da ya sa gaggawa ta zama dole shi ne, ƙashin da ta ci ba ya dawowa, kuma a jikin yawancin majinyata ɓarnar tana farawa ne cikin shekara biyu na farko. Magungunan da ke dakatar da ita sun fi kamawa idan an fara su a watanni uku zuwa shida na farko.

A ƙauyukanmu kuwa duk ciwon gaɓa sanyin ƙashi ne. Tsohuwar da gwiwarta ta gaji, da yaron da ke da sikila, da maijegon da yatsunta suka kumbura, duk layi ɗaya suke bi: kemis, mai ƙaho, mai sakiya, wani lokaci mai cire jifa. Aikinmu shi ne mu tsamo mutum guda daga cikin wannan taro kafin hannunsa ya lanƙwashe.

An taɓa cewa ba mu da ita

A ƙarshen shekarun 1960 Brian Greenwood, wanda daga baya ya shafe shekaru goma yana aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya bi bayanan majinyatan asibitin koyarwa na Ibadan. Ya ga rumatoyid ba ta da yawa, kuma in an same ta ba ta cika tsanani ba. A 1993 Silman da abokan aikinsa suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan mutum wajen 2,000 a karkarar kudancin Nijeriya, ba su tabbatar da cutar a jikin ko mutum ɗaya ba. Wannan magana ta zauna a kawunan likitoci da dama, har ta zama kamar karatun allo: rumatoyid ciwon Turawa ne. Sai a 2010 Farfesa Olufemi Adelowo da abokansa suka fitar da bayanin majinyata 200 daga asibitin gaɓɓai guda ɗaya a Legas.

Mai yiwuwa ne cutar ta fi ƙaranci a karkara a kan birni, kamar yadda aka gani a wasu sassan Afirka. Amma ƙaranci daban, babu daban. A ganina, wanda bai taɓa matsa tushen yatsun majinyaci ba, ba shi da hurumin cewa babu ita a garinsu.

Tambayoyi kafin a taɓa hannu

Tambayar farko ita ce ta asuba. Mai rumatoyid yana tashi da hannu a ƙage, ba ya iya dunƙule shi, kuma ƙagewar takan wuce rabin awa, sau da yawa ta haura awa guda. Ciwon gaɓa na tsufa shi ma yana ƙagewa, amma cikin 'yan mintoci yake saki, kuma aiki ne ke tayar da shi zuwa yamma. Na rumatoyid motsi ne ke sassauta shi. Tambayar "minti nawa?" ba ta da amfani ga matar da ba ta kallon agogo. A tambaye ta: in kin tashi alwalar asuba, kina iya riƙe buta da kanki? Yaushe hannun ke sakewa, kafin gari ya waye, ko sai rana ta fito, ko sai hantsi? Wadda ta ce sai yara sun tafi makaranta take iya kama muciya ta ba ka amsar da ta fi ta agogo.

Ta biyu ita ce tsawon lokaci. Mako shida ake nema, domin kumburin gaɓɓai da ƙwayoyin cuta na bairas ke haddasawa yawanci yakan lafa kafin nan. Da kasuwar mako ake ƙirga shi, ko da aikin gona: kafin shuka ne ko bayan noman farko, kafin azumi ko bayan salla.

Ta uku ta shafi mata masu haihuwa, kuma a nan nake so mu ɗan tsaya. Sananne ne cewa rumatoyid takan lafa a lokacin goyon ciki, ta kuma taso ko ta fara bayyana a watannin farko bayan haihuwa. A wurinmu wannan lokaci ya faɗo daidai kan wankan jego. Maijego ta ce yatsunta sun kumbura, sai uwar miji ta ce sanyi ne ya shige ta don ba ta gasu ba, a ƙara zafin ruwa, a ƙara kunun kanwa. Zafin ruwan yana sassauta ƙagewar na ɗan lokaci, sai kowa ya ce ai ga shi magani ya ci. Haka za a yi arba'in, a yi yaye, wani cikin ya shiga, ciwon ya lafa, a ce ta warke. Sai bayan haihuwa ta gaba ya dawo da ƙarfinsa. To wannan matar tana zuwa asibitinmu da ƙafarta: tana kawo jariri rigakafi a mako na 6, na 10 da na 14. Tambaya ɗaya daga bakin malamar rigakafi, "Maman jariri, hannuwanki suna ƙagewa da asuba?", ba ta cin kuɗi ko sisi. Kuma macen da ke kulle, wadda ba lallai maigida ya bar ta ta je asibiti don ciwon yatsa ba, ba a hana ta zuwa rigakafi.

Sai a tambayi taba, domin ita ce mafi ƙarfin sanadin da ke hannun mutum. Ga masu haƙar ma'adinai a Riruwai a ƙara da tambayar ƙura, tunda shaƙar ƙurar dutse tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarin cutar, musamman ga maza.

Duba hannu da ƙafa

A zaunar da majinyaci ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa, bayan hannu yana sama. Rumatoyid tana son gaɓɓan tushen yatsu, da gaɓɓan tsakiyar yatsu, da wuyan hannu, kuma tana kama dama da hagu tare. Gaɓar da ke kusa da farce ba tata ba ce. In can ne ƙullutun yake, mai tauri kamar ƙashi, to ciwon tsufa ne. A ce ya dunƙule hannu. A lafiyayyen hannu akwai kwari tsakanin ƙasusuwan tushen yatsu, a hannun mai rumatoyid kwarin ya cike. Jan fata da littattafan waje ke ambata ba ya fitowa sosai a fatarmu, don haka kada a jira shi. A sa bayan hannu a ji ɗumin wurin.

Daga nan a kama gaɓa ɗaya-ɗaya da yatsu huɗu, biyu a gefe da gefe, biyu sama da ƙasa, a danna da ƙarfin da zai sa farcen mai dubawa ya yi fari. Kumburin rumatoyid yana da laushi, yana lotsawa ya dawo, kamar ƙullun fanke da ya tashi. Sannan a yi gwajin matsi: a riƙe tushen yatsu huɗu gaba ɗaya kamar za a gaisa, a matsa a hankali, ana kallon fuskar majinyaci. Da yawa daga cikin mutanenmu, saboda kunya da juriya, za su ce ba komai alhali fuska ta riga ta yamutse. A cire takalmi a yi irin wannan matsi a tushen yatsun ƙafa.

Emery da abokan aikinsa sun ba da ƙa'ida mai sauƙi a 2002: gaɓɓai uku ko fiye a kumbure, ko zafi a gwajin matsi, ko ƙagewar safe ta rabin awa ko fiye. Ɗaya daga ciki ya isa a tura mutum gaba.

Kada a manta da wuya. Rumatoyid da ta daɗe takan sassauta haɗin ƙashin wuya na farko da na biyu. Ga matar da ke ɗauko ruwa da itace a ka, ciwon ƙeya da sanyin hannu ko raunin ƙafa ba abin wasa ba ne. A sauke mata kaya, a tura ta hoto. A kuma shafa bayan gwiwar hannu ko akwai ƙulluwa, a tambayi bushewar ido da baki, a saurari huhu, a duba jini a ido.

Abin da ke kama da ita

Ba a cewa rumatoyid sai an kore sauran. Gaɓa ɗaya tak mai zafi da kumburi tare da zazzaɓi, ruɓa ce a cikin gaɓa har sai an tabbatar ba ita ba ce, kuma wannan aikin yau ne, ba na gobe ba. Gwiwa ko ƙugu guda da ya yi watanni yana kumbura a hankali, a tuna da tarin fuka. Yaro ko matashi da ciwon ke tsalle daga wannan gaɓa zuwa waccan bayan ciwon maƙogwaro, a saurari zuciyarsa. Sikila kowa ya san ta, sai dai a tuna mai sikila ma yana iya kamuwa da rumatoyid, kuma shi ne ya fi kowa daɗewa ba a gano ba, don komai aka gani sai a ɗora wa sikilar. Budurwa mai zubewar gashi, gyambon baki, ƙurajen fuska da kumburin ƙafa, lufus ake zargi, a auna fitsarinta. Magidanci mai kumburin babban ɗan yatsan ƙafa da ya tashe shi cikin dare, gawut ne mafi kusa.

Biyu sun fi shafar yankinmu. Makiyayan da ke kewayen dajin Falgore da bakin madatsar Tiga suna shan ɗanyen nono, suna karɓar haihuwar shanu da hannu, don haka bakkale, wato cutar burusela, tana iya zuwa musu da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, gumin dare, ciwon baya da na manyan gaɓɓai. Sai kuturta, wadda kan kumbura hannuwa biyu har ta lanƙwasa yatsu. A nemi tabon fata da ba ya jin taɓawa, a laluba jijiyar gwiwar hannu ko ta yi kauri.

Akwai kuma abin da ke ɓoye cutar gaba ɗaya. Kafin majinyaci ya iso gare mu ya riga ya sha haɗin kemis, kuma a cikin ƙullin da wuya a rasa dexamethasone ko prednisolone, tare da diclofenac ko piroxicam. Kumburi ya sace, hannu ya yi kyau a ido, gwajin jini ya sauko, amma ƙashi yana ci gaba da cinyewa. A ce ya kawo ƙullin a gani. Fuska mai zagaye, ƙiba a ciki da siraran ƙafafu, hawan jini ko sukari da ba a san mafarinsa ba, duk shaida ne. Wanda ya daɗe yana sha ba a yanke masa lokaci guda, sai a hankali, in ba haka ba ana iya rasa shi.

Gwajin jini da iyakarsa

Waaler ne ya gano sinadarin RF a Nowe a 1940, Rose ya sake gano shi a Amurka a 1948. Kusan kashi 70 cikin ɗari na masu rumatoyid suna da shi. Ke nan wajen mutum uku cikin goma suna da cutar alhali gwajin ya ce babu. Matsalarmu ta fi yawa ta ɗaya ɓangaren. Greenwood da abokansa sun nuna cewa ana samun RF a jinin 'yan Nijeriya da yawa da gaɓɓansu lafiya lau, saboda garkuwar jikinsu kullum tana cikin faɗa da zazzaɓin cizon sauro da sauran cututtuka. Ciwon hanta nau'in B da C, tarin fuka, kuturta da tsufa kansa duk suna ɗaga shi. Saboda haka takardar da aka rubuta RF ya hau, a hannun dattijon da gwiwarsa kawai ke ciwo, ba ta ce komai ba. Ana ɗora mutane a kan magani mai ƙarfi saboda irin wannan takarda, ana kuma sallamar masu cutar na gaskiya don tasu ta fito ba komai. Duka biyun kuskure ne da duba hannu na minti biyar zai hana.

Gwajin anti-CCP, wanda aka samar a Nijmegen ta ƙasar Holan a ƙarshen shekarun 1990, ya fi shi aminci nesa ba kusa ba. Yawan waɗanda yake kamawa kusan ɗaya ne da na RF, amma cikin mutum ɗari da ba su da cutar, wajen 95 zai wanke su. Yana kuma nuna wanda cutarsa za ta yi ɓarna. Sai dai ana samun ƙaramin hawansa ga wasu masu tarin fuka, kuma gwaji ne na birni. In kuɗin majinyaci na gwaji ɗaya ne, wannan ya kamata ya saya.

Gwajin ESR, mai nuna kumburi a jiki, yana da arha, bututu ne da awa guda, amma ƙarancin jini da goyon ciki suna ɗaga shi, sikila kuma tana danne shi. Gwajin CRP, shi ma na kumburi, ya fi tsabta. Hoton ƙashi a watannin farko yakan fito lafiya, don haka bai kore cutar ba. In za a ɗauka a haɗa hannu da ƙafa, domin sau da yawa a tushen ƙaramin yatsan ƙafa ake fara ganin cin ƙashi. Na'urar sikanin da ke ɗakin awon ciki ba za ta yi wannan aiki ba sai an samo mata kan da aka yi don ƙananan gaɓɓai da wanda ya iya karanta shi.

Ma'aunin 2010

Ƙungiyoyin likitocin gaɓɓai na Amurka da na Turai sun maye gurbin ma'aunin 1987 da sabo a 2010, saboda tsohon ba ya kama cutar sai ta yi nisa. Sharaɗin shiga shi ne a sami aƙalla gaɓa ɗaya mai kumburi na gaske da wata cuta ba ta bayyana shi ba. Maki goma ne, shida ake nema. Gaɓɓai suna da maki har 5: manya biyu zuwa goma maki 1, ƙanana ɗaya zuwa uku maki 2, huɗu zuwa goma maki 3, fiye da goma da aƙalla ƙarama ɗaya a ciki maki 5. RF ko anti-CCP maki 2 in ya ɗan hau, 3 in ya ninka iyakar lafiya fiye da sau uku. ESR ko CRP maki 1. Mako shida maki 1.

A lura da lissafin. Matar da ta zo daga Kafin Maiyaki da gaɓɓai goma sha biyu masu zafi ko kumburi, wata huɗu ke nan, tana da 5 da 1, shida cif, ba a ɗebi jininta ba. Amma wadda ta zo da wuri da ƙananan gaɓɓai biyar tana da 3 da 1, ko ESR ya hau biyar ne kawai. Wato ma'aunin yana yi mana aiki kyauta a kan wadda ta makara, yana neman kuɗin gwaji a kan wadda ta yi sammako, alhali ita ce za a fi ceta. An tsara shi ne don zaɓen majinyatan bincike, ba don ya hana likita amfani da idonsa ba. Mai maki huɗu a tura ta, kada a ce ta koma gida sai ta cika shida.

Auna tsanani

Bayan an gano cutar, sai a riƙa auna ta duk wata ɗaya zuwa uku har ta kwanta. DAS28, wanda shi ma daga Nijmegen ya fito a 1995, yana ƙirga gaɓɓai 28: kafaɗu, gwiwoyin hannu, wuyan hannu, tushen yatsu goma, tsakiyar yatsu goma, da gwiwoyi. Ƙasa da 2.6 cuta ta kwanta, sama da 5.1 tana kan ganiyarta. Yana buƙatar ESR ko CRP da na'urar lissafi. CDAI, na Aletaha da Smolen na Biyana, 2005, ya fi dacewa da mu, don tarawa ce kawai: gaɓɓai masu zafi, da masu kumburi, da makin majinyaci daga 0 zuwa 10, da makin mai dubawa. Zuwa 2.8 ta kwanta, zuwa 10 mai sauƙi, zuwa 22 matsakaiciya, sama da haka mai tsanani. Misali 12 da 8 da 7 da 6 sun ba da 33. In bayan wata uku an sami 15, magani yana ci, tunda an rage fiye da rabi, amma ba a kai gaci ba. Malamin asibiti a Tudun Wada zai iya yin wannan a bayan kati, ya karanta wa likita a Kano ta waya.

Gyara biyu nake ba da shawara. Gaɓɓan nan 28 babu idon sawu da ƙafa a cikinsu, mu kuwa majinyatanmu da ƙafa suke zuwa gona da rijiya da kasuwa, don haka a rubuta ƙafa daban ko da ba ta shiga lissafi. Na biyu, layin 0 zuwa 10 a takarda bai da ma'ana ga wanda bai saba da shi ba, kuma amsar "da sauƙi, alhamdu lillahi" ladabi ne, ba awo ba. A zube ƙwayar wake goma, a ce ta ware gwargwadon wahalar da ta sha a makon nan.

Haka ma tambayoyin HAQ na Fries, 1980, masu auna abin da mutum ke iya yi wa kansa. Suna tambayar shiga bahon wanka da buɗe ƙofar mota da yanka nama da wuƙa a faranti. Abin da ake nufi shi ne riƙo, tashi, miƙa hannu da tsabta, kuma muna da namu: tuƙa tuwo, daka, matse wanki, ɗaura zane, goya yaro, tatsar nono, riƙe fartanya, tsuguno a banɗaki, dafa ƙasa a sujada, zaman tahiya. Sai dai kada kowane asibiti ya ƙirƙiri nasa. Aiki ne da sashen likitanci da na Hausa na Jami'ar Bayero za su iya haɗuwa su tsara, a gwada shi a kan majinyata, a tabbatar yana auna abin da ake so.

Takardar turawa

Mutumin Doguwa ko Bebeji da zai kama hanyar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko na Shika, ya sayar da buhun masara ya yi kuɗin mota, bai kamata a ce masa ya koma ya dawo da gwaji ba. Takardarsa ta ƙunshi ranar da ciwon ya fara, tsawon ƙagewar safe, zanen hannu da ƙafa da alamar gaɓɓan da suka kumbura, makin CDAI, da sunan duk abin da ya sha daga kemis da tsawon lokacin. A haɗa da abin da za a iya yi a gida: yawan jini, gwajin ciwon hanta nau'in B, gwajin ƙanjamau, awon fitsari, da tambayar tari. Ga mace a yi gwajin ciki, a rubuta ko tana shayarwa da ko tana shirin wani cikin, domin methotrexate, maganin da aka fi farawa da shi, yana illata ɗan tayi kuma ba a ba mai shayarwa. Likita zai duba wani, kamar hydroxychloroquine ko sulfasalazine. Wannan magana gara a yi ta tun a Kiru, da maigida a zaune, kafin a hau mota.